Koyo a Bakin Aiki: Yadda Jami'o'i Ke Haɗa Aji da Wurin Sana'a

Koyo a bakin aiki tsari ne da jami'a ke fitar da ɗalibi daga aji na wani lokaci, ta kai shi inda ake yin ainihin aikin da yake karantawa, masana'anta ce ko asibiti ko gona ko kotu, sannan ta lissafa abin da ya yi a can cikin karatunsa. Ya sha bamban da ziyarar da akan kwashi ɗalibai a mota su zaga kamfani su dawo da la'asar, haka kuma ya sha bamban da aikin hutu da ɗalibi kan nema don samun na kashewa. A nan aiki na gaske ake damƙa masa, wanda in ya ɓata shi wani zai ji a jikinsa. Akwai mai sa masa ido a wurin aikin, akwai kuma malami daga makaranta. Idan ya dawo, sai ya zauna ya auna abin da ya gani da abin da aka karantar da shi.

Abin da ya jawo bukatar wannan tsari shi ne, kowace sana'a tana da ɓangaren da ba ya shiga littafi. Michael Polanyi, masanin kimiyya da falsafa ɗan asalin Hungary, ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa na 1966, inda ya nuna cewa abin da gwani ya sani ya fi abin da bakinsa zai iya faɗa yawa. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan. Yaron maƙeri yakan daɗe yana zuga kafin a miƙa masa masaba, kuma a wannan zaman ne idonsa ke koyon launin da ƙarfe ke yi idan ya isa bugu, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya karanta masa ba. Sai dai irin wannan koyo yana da iyaka: yaron zai iya aikin, amma in aka kawo masa wani irin ƙarfe da maigidansa bai taɓa sarrafawa ba, sai ya tsaya cak, don ba a gaya masa dalilin komai ba. Jami'a kuwa nata raunin ta ɗaya gefen yake. Tana ba da dalilai da lissafi, ta yaye mutum hannunsa bai taɓa kama komai ba.

Likitoci ne suka fara

Fannin likitanci ya riga sauran fannoni gane cewa lacca kaɗai ba ta isa. A Turai an daɗe ana koyarwa a gefen gadon majinyaci, a biranen Leiden da Edinburgh da Paris. A Amurka kuwa, har wajen ƙarshen ƙarni na 19 yawancin makarantun likitanci lacca ce ta 'yan watanni, mutum ya karɓi takarda ba tare da ya duba marasa lafiya yadda ya kamata ba. Asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a Baltimore a 1889, da makarantar likitancinsa da ta biyo baya a 1893, su suka sauya wannan. William Osler, likita ɗan Kanada, ya shigar da ɗalibai cikin ɗakunan jinya, su ɗauki tarihin ciwo, su duba majinyaci, su bi lamarinsa kullum a ƙarƙashin manyan likitoci. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya zaga makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya ɗauki Johns Hopkins a matsayin ma'auni, kuma makarantu da yawa da suka kasa kai wa ga wannan ma'auni sun rufe. Shekarar horo da sabon likita ke yi a asibiti a Najeriya kafin a ba shi cikakken lasisi, ita ma a kan wannan fahimta aka gina ta.

Gwajin Cincinnati

Mutumin da ya mai da abin tsari na jami'a a wajen likitanci shi ne Herman Schneider, injiniyan gine-gine da ya koyar a Jami'ar Lehigh ta jihar Pennsylvania. A can ya lura cewa yawancin tsofaffin ɗaliban da suka yi fice bayan kammala karatu, waɗanda suka taɓa yin aiki ne kafin su gama, galibi don neman kuɗin makaranta. Ya kawo shawarar a tsara abin da gangan maimakon a bar shi ga sa'a. Lehigh ba ta karɓa ba. A 1903 ya koma Jami'ar Cincinnati ta jihar Ohio, a 1906 kuma aka ba shi damar gwaji da ɗalibai 27 masu karatun injiniya.

Garin ya dace da gwajin, domin Cincinnati a lokacin cibiya ce ta ƙera injunan sassaƙa ƙarfe, masana'antu na nan kusa da makaranta. Schneider ya raba ɗaliban biyu-biyu. Wannan makon ɗaya yana aji ɗaya yana masana'anta, mako mai zuwa su yi musanya. Da haka gurbin aikin ba ya zama babu kowa, mai masana'anta bai yi asarar komai ba, kuma yana biyan ɗalibin lada kamar kowane ma'aikaci. Daga baya an tsawaita lokacin musanyar, har ya kai zangon karatu guda, don an ga mako ɗaya bai isa mutum ya kama zaren aiki ba.

Wani ɓangare na tsarin Schneider da ba a cika ambata ba, alhali shi ne ƙashin bayansa, shi ne malaman da ya ware musamman don haɗa ɓangarorin biyu. Aikinsu su bi ɗalibai har cikin masana'anta, su ga abin da aka sa su, su tabbatar ana ciyar da su gaba daga aiki mai sauƙi zuwa mai wuya, sannan a aji su ɗauko abin da ɗaliban suka gani su ɗaura shi a kan darasi. Schneider ya fahimci cewa ɗalibi ba zai haɗa lissafin da ke kan allo da injin da ke gabansa shi kaɗai ba, sai an sami wanda wannan haɗin shi ne aikinsa. Duk inda aka kwaikwayi tsarin aka bar wannan ɓangare, sakamakon bai yi armashi ba.

Jami'ar Northeastern da ke Boston ta bi sahu a 1909. A 1921 Kwalejin Antioch, ƙarƙashin Arthur Morgan, ta faɗaɗa shi zuwa ga ɗaliban adabi da zamantakewa, ya daina zama na injiniyoyi kaɗai. A Kanada, Jami'ar Waterloo da wannan tsari aka kafa ta a 1957, yanzu kuma ɗalibanta fiye da 20,000 ne ke cikinsa. A can wata huɗu ake yi a aji, wata huɗu a wurin aiki da albashi, ta yadda ɗalibi kan iya fita da gogewar da ta kai shekara biyu. Jami'ar tana da babban ofishi da ba shi da wani aiki sai nemo gurabe, shirya ganawa tsakanin ɗalibai da kamfanoni, da bibiyar waɗanda aka tura. Ɗaliban suna biyan kuɗi na musamman don wannan hidima, karatun ma yakan ƙara tsawo zuwa kusan shekara biyar.

Jamus ta bi wata hanya da ta fi ɗaure kamfani. A farkon shekarun 1970 kamfanoni uku na yankin Stuttgart, wato Daimler-Benz da Bosch da SEL, suka nemi a samar da karatu mai zurfi da zai tafi tare da horo a masana'anta. A 1974 aka buɗe makarantun farko a Stuttgart da Mannheim, a 2009 kuma jihar Baden-Württemberg ta haɗe su suka zama jami'a guda, DHBW, mai ɗalibai fiye da 30,000 da abokan hulɗa kimanin 9,000. A wannan tsari kamfani ne ke fara ɗaukar ɗalibi ya rattaba masa hannu a kwantiragi, sannan jami'a ta yi masa rajista. Wata uku a aji, wata uku a kamfani, har shekara uku, albashi kuma yana shiga kowane wata ko yana aji ko yana bakin aiki. Tun da kamfani ya zuba kuɗinsa, kuma yana sa ran riƙe ɗalibin bayan ya gama, ba ya wasa da horon. Masu suka dai suna cewa irin wannan karatu yakan ƙuntata ga bukatar kamfani ɗaya, kuma lokacin zurfafa bincike kaɗan ne.

Abin da masana suka ce

Aikin ya riga bayanin zuwa. John Dewey, masanin falsafa na Amurka da ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, shi ake yawan jingina wa tushen wannan tunani. Amma a littafinsa na 1938 ya ja kunnen masu bin sa da kansu: ba kowace gogewa ce ke ilimantarwa ba, wata ma gurɓata mutum take yi. Ɗalibin da ya yi wata shida a ofishin da ake zuwa a sa hannu a fice ya koyi wani abu, sai dai abin da ya koya ba alheri ba ne. A ganin Dewey, gogewa mai amfani ita ce wadda ta ɗoru a kan abin da mutum ya riga ya sani, ta kuma buɗe masa ƙofar abin da zai koya a gaba.

A 1984 David Kolb ya tattara ra'ayoyin Dewey da Kurt Lewin da Jean Piaget ya fitar da zagaye mai mataki huɗu: mutum ya yi abu ko ya gamu da shi, ya zauna ya yi nazarin abin da ya faru, ya fitar da ƙa'ida daga ciki, sannan ya gwada ƙa'idar a wani sabon yanayi. Misali zai fi fito da shi. A ce an tura ɗalibar injiniyan gine-gine wurin da ake zuba kankaren bene. Ta ga leburori suna ƙara ruwa a kwaɓin kankare don ya yi saurin bin katako da rodi. An ɗebi samfur an zuba a ƙananan akwatuna, bayan kwana 28 aka kai ɗakin gwaji aka matse, sai ƙarfinsa ya gaza abin da aka tsara. Idan ta tsaya a nan, labari kawai ta samu. Idan kuwa aka sa ta ta tambayi kanta me ya jawo, za ta tuna darasin da aka yi mata cewa yawan ruwa a kan siminti yana rage ƙarfin kankare, ta kuma gano abin da darasin bai faɗa ba, wato leburan ba mugunta suke yi ba, kwaɓi mai tauri ne ke da wuyar zubawa da rana tsaka, kuma ba a kawo injin girgiza kankare ba. A zubi na gaba sai ta nemi a auna ruwan da bokiti sananne, a kuma tanadi injin. Lissafin daga aji ya zo, amma sanin yadda za a shawo kan mutum goma masu gajiya su bi lissafin, wannan sai a fili.

Zagayen Kolb ya samu karɓuwa ƙwarai don yana da sauƙin zanawa a allo, wataƙila ma fiye da yadda ya cancanta. Mutane ba sa koyo daki-daki haka, kuma rabe-raben salon koyo da ya gina a kansa bai samu goyon bayan bincike mai ƙarfi ba. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark suka wallafa maƙalar da ta yi tasiri, suna cewa sabon shiga da aka sake shi ya gano abu da kansa ba tare da jagora ba, ruɗewa yake yi, domin bai da tushen da zai rataya abin da yake gani. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ta yi daidai da yadda a wurare da yawa akan jinkirta tura ɗalibi har sai ya yi shekara biyu ko uku a aji.

Tsarin Najeriya

A Najeriya an fi sanin abin da sunan SIWES, ɗalibai kuma sukan ce sun tafi IT. Asalinsa yana komawa ga Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda gwamnatin soja ta kafa a 1971, hedikwatarsa kuma tana Jos. Lokaci ne da kuɗin mai ya fara shigowa, dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta ƙara bukatar ƙwararru na gida, masu masana'antu kuma suna kukan cewa waɗanda manyan makarantu ke yayewa ba su san makamar aiki ba. A 1973 ITF ta ɓullo da shirin, ta kuma ɗauki nauyinsa ita kaɗai a shekarun farko. Da nauyin ya yi mata yawa, a 1979 gwamnatin tarayya ta miƙa shi ga hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ta kula da ilimin fasaha, NBTE, kafin a mayar wa ITF da ragamarsa a 1984, gwamnati kuma ta riƙa ba da kuɗin.

Ɗaliban jami'a a fannoni irin su injiniya, kimiyya, noma, tsara gine-gine da kwamfuta sukan yi wata shida, galibi a aji uku ko aji huɗu. Na kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi sukan yi wata huɗu. Ana ba kowa littafin da zai riƙa rubuta aikin kullum, mai kula da shi a wurin ya sa hannu duk mako, malami daga makaranta ya kawo ziyara, a ƙarshe ɗalibi ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai. Akwai wasu hanyoyin ban da wannan: koyarwar gwaji ta ɗaliban ilimi, shekarar aikin gona ta masu digirin noma, zaman kotu da ofishin lauya da ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi ke yi, da shekarar aiki da ake bukata tsakanin ƙaramar difloma da babba. Jami'ar Ilorin kuma ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci su zauna a ƙauyuka su nazarci lafiyar jama'a tun suna ƙananan azuzuwa.

A takarda, SIWES yana da yawancin abin da Schneider ya tanada. Matsalar tana wajen aiwatarwa, kuma babbarta ita ce rashin gurabe. An tsara shirin ne lokacin da masana'antu ke bunƙasa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta jawo wasu masaƙun har unguwar Kakuri ta cika, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a garin a 1975, a Kano kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa suna ta hayaƙi. Daga shekarun 1990 zuwa na 2000 yawancin masaƙun nan suka durƙushe saboda rashin wutar lantarki, tsadar man injuna da kwararowar yadin waje, a daidai lokacin da yawan jami'o'i da ɗalibai ke ninkuwa. Sai ya zamana an bar ɗalibi da takardar neman gurbi a hannu yana bin ofisoshi. Mai hanya ya samu wuri mai kyau, marar hanya ya ƙare a wata sakatariya inda aikinsa bai wuce kai fayil da sayo abinci ba. Malami ɗaya kan sami ɗalibai da yawa warwatse a jihohi daban-daban, kuɗin zirga-zirga bai isa ba, ziyarar sai ta zama sau ɗaya ko babu. Littafin da ya kamata a cika kullum, wasu a makon ƙarshe suke zama su cike shi. Alawus ɗin da ake ba ɗalibai kaɗan ne, kuma ƙorafin jinkirin biyansa tsoho ne.

Duk da haka shirin bai zama aikin banza ba. Ɗaliban da suka dace da wurin kirki, kamfanin sadarwa ko na gine-gine ko ɗakin gwaje-gwajen asibiti ko cibiyar bincike irin ta aikin gona da ke Samaru, sukan dawo sun sauya, wasu kuma a nan suke samun batun binciken kammala digiri, ko ma aikin yi. Wasu sassan sun fara karɓar ƙananan wurare da a da ake rainawa, kamar garejin gyaran mota na zamani, masu haɗa wutar sola da gidajen kiwon kaji, inda ɗalibi ke samun damar kama aiki da hannunsa fiye da yadda zai samu a babban ofishi.

Kuɗi da ma'auni

Tambayar wa zai biya tana bin tsarin duk inda ya je. Idan ba a biyan ɗalibi, ɗan mai hali ne kaɗai zai iya zama wata shida a wani gari yana ci da kansa, kuma wasu kamfanoni sukan mai da ɗalibai ma'aikatan kyauta. Faransa ta sa doka cewa duk horon da ya wuce wata biyu dole a biya ɗalibi, kuma kada ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu. Birtaniya ta ɓullo da digirin koyon sana'a a 2015, daga 2017 kuma ta ɗora harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan albashin da manyan kamfanoni ke biya, don ɗaukar nauyin horo. A Najeriya doka ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani mataki su ba ITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a shekara, sai dai wannan kuɗi na horar da ma'aikata ne, ba ya tabbatar da cewa kamfani zai koya wa ɗalibi aiki da gaske.

Auna abin da aka koya shi ma yana da wuya. Jarrabawar aji tambaya ɗaya ce ga kowa, amma ɗalibai hamsin da suka je wurare hamsin ba abu ɗaya suka gani ba, kuma masu kula da su a wurin aiki sukan ba da maki mai yawa don kada su ɓata wa yaro. Jami'o'in da suka ɗauki abin da muhimmanci sukan sa a rubuta yarjejeniya tun farko tsakanin ɗalibi da malami da mai wurin aiki, a fayyace abin da ake so ya iya kafin ya gama, sannan a nemi shaida: zanen da ya yi, manhajar da ya rubuta, gwajin da ya gudanar. A likitanci, tun shekarun 1970 Ronald Harden ya ɓullo da jarrabawa a Dundee ta Scotland inda ɗalibi ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana nuna aiki a gaban mai dubawa, yau kuma makarantun likitanci da na jinya da yawa a duniya suna amfani da ita.

Inda gurabe suka yi ƙaranci, wasu jami'o'i sukan jawo aikin cikin makaranta. Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara koyar da likitanci ta hanyar ba ɗalibai matsalar majinyaci su warware a ƙananan rukunoni a 1969, Jami'ar Aalborg ta Denmark kuma tun kafuwarta a 1974 ɗalibanta ke kashe kusan rabin lokacinsu a kan ayyukan rukuni, da yawa daga cikinsu matsaloli ne da kamfanoni ko hukumomi suka kawo. Tsangayoyin shari'a da dama a Najeriya sun buɗe ofisoshin ba da shawara kyauta, inda ɗalibai ke bin lamarin waɗanda ke tsare suna jiran shari'a, a ƙarƙashin kulawar lauyoyi. Sabuwar manhajar jami'o'i da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta, kuma a cikin wannan kaso ne jami'a za ta iya shigar da ayyukan da suka shafi sana'o'i da masana'antun da ke kewaye da ita.